Rumfunan Masu Littattafai

Ana idar da sallar asuba Auta ta ɗaure takalmin gudunta, ta cusa ɗan abin sauraro a kunnenta na hagu, ta jawo hijabi ta rufe shi ruf.

Gidan tsit. Umma tana kan sallaya ba ta ɗago ba. Abba bai dawo daga masallaci ba, kuma dama haka Auta take so. Tun ranar da ya ce bai amince da maganar aurenta da Jagora ba, gaisuwa kaɗai ke haɗa su.

Tana buɗe ƙofa fitilar mota ta haske mata fuska.

Injiniya ne, ɗan aminin Abba. Ya sauke gilashi yana murmushi, ya sha turare da sassafen nan kamar mai zuwa biki.

"Ranki ya daɗe, an tashi lafiya? Yau ma har gada?"

"Har gada," ta ce, ko kallonsa ba ta yi ba.

Sharaɗin Abba ke nan. Ya ce ko ita ce malamar motsa jiki ta duk makarantun garin, 'yarsa ba za ta fita da duhun asuba ita kaɗai ba. In tana so ta shiga rabin gudun fanfalakin da za a yi a ƙarshen wata, to Injiniya ya riƙa bin ta da mota. Shi kuwa bawan Allah dama hanya yake nema. Har yau bai gane ba mota ake buƙata a gudu ba, kullum sai ya cika kujerar baya da lemo da biskit.

Ta fara sassarfa. Sai da ta sha kwanar layinsu ta danna wayar da ke aljihunta.

Bugu ɗaya aka ɗauka.

"Gaggawa," in ji muryar Jagora a kunnenta. "Tun daga nan ina jin kin fara da wuta. Rage. Kilomita ashirin da ɗaya ba a cinye shi a kwanar farko."

Ta yi murmushi ita kaɗai a cikin duhu, ta rage.

Jagora shi ne mutumin da ya koya mata garin da aka haife ta a ciki. Sana'arsa ce zagayawa da baƙi a ƙafa, ya nuna musu tsoffin gine-gine, ya ba su labarin kowane lungu. A wurin gudu suka haɗu, abokin Yayanta ne. Shi ya laƙaba mata Gaggawa saboda ba ta iya fara komai a hankali ba, har son da ta yi masa.

Sai ciwon ido ya same shi, hawan jinin ido, ya riƙa cinye ganinsa daga gefe har ya gama da shi. Bai daina gudu ba. Yaya ne yake riƙe masa igiya, gefe ɗaya a hannunsa, gefe ɗaya a hannun Jagora, ita kuma tana bin gefensu tana faɗin abin da ke gaba. Jagora ya kafa musu doka tun ranar farko: mai gani ba ya jan igiya, ba ya yin shiru, kuma ba ya ƙawata hanya. In rami ne a ce rami.

Da likita ya tabbatar ganin ba zai dawo ba, Abba ya janye amincewarsa da aurensu. Yaya ma ya ajiye igiya don bin umarnin Abba. Abin da ya rage wa Auta shi ne wannan wayar da ba wanda ya sani.

"To, gaya mini," in ji Jagora. "Ina muke?"

"Gidan burodi. Sun buɗe ƙofar baya, ana ta loda wa mai keke."

"Mai kitson gemun nan yana nan?"

"Yana nan, yana zagin yaransa kamar kullum."

Ya yi dariya. Ta wuce tashar bas, ta gaya masa direbobi na barci a kan kujeru, ƙafafu a waje ta taga. Ta wuce hasumiyar agogo, ta ce agogon na nan a tsaye bai motsa ba. Ta gaya masa mata masu shara sun fito da dogayen tsintsiyoyinsu, kuma an yi wa tsohon gidan waya sabon fenti mai muni.

"Wane launi?"

"Ruwan hoda."

"Innalillahi! Gara da ban gani ba."

Kwanan nan tambayoyinsa sun yi yawa. Daɓen gefen titi lafiya yake? An mayar da murfin kwalbatin gaban banki? Masu kayan marmari suna baza kaya kafin gari ya waye ko bayan ya waye? Ita dai ta ɗauka kewar garin ce take damunsa, sai ta riƙa amsawa da tausayi.

A bayanta motar Injiniya tana tafe a hankali, fitilarta na jefa inuwar Auta gaba. Ba ta taɓa gaya wa Jagora akwai mota ba. In ya ce ya ji ƙarar inji, sai ta ce ai titi ne.

Suka iso layin da take tsoro.

Nan ne rumfunan masu littattafai suke a da, dogon baranda mai ginshiƙai, shago na bin shago. A nan ɗan ofishin Jagora yake, a nan yake tara baƙinsa kafin su fara zagaye. A nan ya fara ce mata yana son ta, yana riƙe da tsohon littafin da bai saya ba, mai shago yana harararsu.

Makon jiya katafila ta zo ta kwashe su duka. Yanzu ba abin da ke wurin sai tarin ƙasa da ɓaraguzai, da wani dogon rami da aka haƙa za a binne bututun ruwa. Ko shinge ba a sa ba.

Auta ta sauka kan kwalta ta kauce wa ramin.

"Mun zo rumfuna ko?" Muryarsa ta yi laushi.

"Mun zo."

"Suna nan lafiya?"

Mutumin nan an raba shi da idonsa, an raba shi da sana'arsa, an raba shi da abokinsa. Ita ce kuma za ta ce masa har wurin nan an share? Wallahi bakinta ya ƙi.

"Suna nan," ta ce. "Tsohon nan mai shago ma ya fito yana kaɗe ƙura."

"Barandar ba komai? Ba a ajiye kaya a hanya ba?"

"Fes take."

"Alhamdulillahi," in ji shi, har da ajiyar zuciya. "To ɗaga ƙafa, Gaggawa, gada na jiran ki."

Ta ɗaga ƙafar, hawaye na gangarowa cikin hijabinta. Kwana da kwanaki ke nan tana maimaita masa wannan ƙaryar, kuma kullum sai ta ƙara mata ado.

A kan gada ta tsaya tana haki. Rana ta fara leƙowa a kan ruwa, masu kamun kifi suna jawo kwalekwale bakin gaɓa. Ta gaya masa duka. Nan ne suke tsayawa su uku a da, Yaya na tsokanar su, Jagora na lissafa mata sunayen unguwannin da ke ƙetare. Yau ita kaɗai ce, sai mota da ke kunne a bayanta.

"Sai gobe," ya ce. "Ki kula mini da kanki."

*

Injiniya bai da mugunta, abin da ya fi ba Auta haushi ke nan. Da mugu ne da ta huta, ta tsane shi hankali kwance.

Da suka dawo ya shigo gaida Umma, aka kawo masa shayi. Abba na zaune a falo da jarida. Injiniya ya kurɓa, ya gyara zama, ya ce,

"Umma, ni fa Auta tana burge ni. Akwai riƙon addini. Tun daga ƙofar gida har gada bakinta ba ya daina motsi, zikiri take ta yi. Wani wurin har da kuka."

Cokalin da ke hannun Umma ya tsaya a cikin kofi.

Abba ya juya shafin jarida, sai dai bai karanta ba.

Auta ta miƙe tsam. Ta shige ɗaki ta shirya ta tafi makaranta. Ranar ɗalibanta sun sha mamaki, Malama da ba ta bari a tsaya ko da minti ɗaya, yau ta zauna a bakin fili ta bar su suna ta shirme da ƙwallo.

Da la'asar tana dawowa ta tarar da Umma zaune a bakin gadonta.

"Rufe ƙofar."

Ta rufe.

"Da wa kike magana a hanya?"

Auta ta sunkuyar da kai.

"Ni na haife ki. Ke da ko tasbihin bayan salla sai na yi da gaske kike gamawa, yau ke ce mai zikiri har gada? Da wa kike magana?"

"Da shi ne, Umma."

Umma ta dafe goshi. "Na shiga uku. Auta, so kike ki kashe ni? Mahaifinki ya ce a'a, Yayanki da ya fi ki shaƙuwa da shi ya haƙura, ke ce mai taurin kai?"

Auta ta zube a gabanta ta kama gwiwoyinta, kuka ya ƙwace mata.

"Umma, me ya yi? Ki gaya mini laifin da ya yi. Lokacin da yake gani, Abba da kansa yake cewa ba shi da ɗa kamarsa. Shi ya sa wa kansa ciwon? In da bayan an ɗaura ne abin ya same shi, cewa za ku yi in fito?"

"Ba a ɗaura ba ai."

"A zuciyata an ɗaura!"

"Rufe mini baki, marar kunya." Umma ta faɗa. Ta sa gefen mayafi ta share ido. "Kina ganin ba na tausayinsa? Wallahi har yau in na tuna yaron nan sai abinci ya fita raina. Amma aure ba gudun safe ba ne da za ki yi ki dawo ki yi wanka. Yau kina da ƙarfi. Gobe in ciki ya tsufa, in yaro ya tashi da zazzaɓi, wa zai riƙe wani?"

"Zai riƙe ni. Ba ku san shi ba ne."

"Mahaifinki bai ce dole ki auri Injiniya ba. Cewa ya yi ki duba. Yaron nan me ya rasa? Ga natsuwa, ga aiki, ga shi yana tashi da asuba saboda ke."

"Ba na son sa, Umma. Na gwada, wallahi na gwada. In yana magana ji nake kamar rediyon maƙwabta."

Umma ta kusa yin dariya, ta danne.

"Mahaifansa za su zo ranar Lahadi su gaida Abbanki. Gaisuwa ce kawai aka ce, amma ke ba yarinya ba ce."

Auta ta ɗago da jajayen idanu. Kafin ta yi magana aka ƙwanƙwasa ƙofa, aka turo.

Abba ne. Dogo ne, mai magana a hankali, bai taɓa ɗaga wa 'ya'yansa hannu ba, shi ya sa shirunsa ya fi duka zafi.

"Ba ni wayar."

"Abba, don Allah ka bari in yi masa magana sau ɗaya. Akwai abin da ya kamata in gaya masa."

"Abin da ya kamata a gaya masa na riga na aika Yayanki ya gaya masa. Mutumin da ba zai iya kawo kansa ƙofar gidana ba sai an riƙo shi, ba zan ɗauki 'yata in ba shi ba. Ba ƙiyayya ba ce. Ba ni."

Ta miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa ya kashe, ya sa a aljihu ya fita.

Auta ta kifa kai a cinyar Umma. Ta so ta gaya wa Jagora maganar Lahadi, ta so ta gaya masa maganar mota. Rumfunan kuwa ko a ranta ba su zo ba.

*

Washegari da ta fito, ba Injiniya kaɗai ne a motar ba. Abba na zaune a gaba da carbinsa, ko gida bai shiga ba daga masallaci.

"Yau zan ga wannan gudun da idona," ya ce. "Wuce mu je."

Ta wuce.

Ba ta taɓa sanin garin yana da shiru haka ba. Ba abin da take ji sai takunta da numfashinta. Ta fara da wuta, ba wanda ya ce ta rage. A gidan burodi mai kitson gemu ya fito da sabuwar hula, ta buɗe baki za ta faɗa, ta tuna ba kowa a kunnenta.

Ta san yanzu Jagora yana can zaune a bakin gado da waya a hannu. Zai jira, zai kira ya ji a kashe, zai ɗauka ta gaji da shi. Wannan tunanin ya sa ta ƙara gudu har gefen cikinta ya fara suka.

Tashar bas, hasumiyar agogo, gidan waya. Duk ta wuce su kamar baƙuwa. Gari ya fara yin shaa, fitilun titi suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya.

Tana shan kwanar layin rumfuna ta hangi wata mai shara ta yar da tsintsiya, tana tsaye a bakin ramin tana ɗaga hannu.

"Jama'a ku taimaka! Mutum ya faɗa!"

A kan tarin ƙasa akwai farar sanda.

Auta ba ta san lokacin da ta isa ba. Ta leƙa. Ramin ya kai ƙirjin mutum, ƙasansa duk laka. Jagora na zaune a ciki ya jingina da bango, ya riƙe ƙafarsa ta dama. Farar riga ce a jikinsa, sabuwa, an goge ta har tana ɗaukar ido, yanzu rabinta laka ce. Hularsa na gefe cikin ruwa. Goshinsa ya fashe, jini na bin gefen fuskarsa.

"Jagora!"

Ya ɗago kai wajen muryar.

"Gaggawa?" Ya laluba gefensa. "Ina nake?"

Ta tsuguna a bakin ramin.

"Na bi daɓen banki, na tsallaka, na miƙa sanda ina neman ginshiƙin farko. Ban same shi ba. Na ce ko na karkace ne, na ƙara taku." Ya shafa bangon ramin da tafin hannu. "Ɓata na yi? Wane layi ne wannan?"

Mai sharar ce ta amsa, baiwar Allah ba ta san komai ba.

"Layin masu littattafai ne, ɗana. Ai an rushe su tun makon jiya. Ba wanda ya gaya maka?"

Auta ta ga fuskarsa ta canja. Da ya yi ihu da ya fi mata sauƙi. Bai yi ba, ya dai sauke hannunsa daga bangon a hankali.

Ƙofofin mota suka buɗe. Injiniya ya rugo, ko takalminsa mai tsada bai duba ba ya dira cikin lakar.

"Sannu, ɗan'uwa, sannu. Kama wuyana. Ƙafar ta karye ne?"

"Targaɗe ne, ina jin." Jagora ya kama kafaɗarsa. "Kai ne mai motar."

Injiniya ya yi turus. "Ka san ni?"

"Na san injinka. Akwai abin da ke kaɗawa a ƙasan motar in ka rage gudu, ka sa a duba maka."

Da ƙyar aka fito da shi, Injiniya na turawa, mai shara na ja. Aka zaunar da shi a kan wani guntun ginshiƙi da ya rage a cikin ɓaraguzai. Auta ta ɗauko sandar ta rungume ta.

Sai Abba ya yi gyaran murya.

Jagora ya gane shi nan take. Ya yunƙura zai durƙusa, ƙafar ta hana shi, ya dafa ƙasa da hannu ɗaya ya rusuna.

"Abba, ina kwana. Ka gafarce ni, ba a haka na so ka gan ni ba. Dama gidanka zan je."

"Gidana?"

"An ce mini ka ce sai na kawo kaina ƙofarka ba mai riƙe da ni. Na so ka dawo daga masallaci ka same ni a tsaye."

Abba ya dube shi, ya dubi hanyar da ta miƙe zuwa gada.

"Daga ina ka taso?"

"Daga gida. Ƙetaren gada."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai."

"Ka tsallaka gadar, ka bi ta kasuwar kayan marmari, ka ƙetare babban titi, ba wanda ya riƙe ka?"

"Garin nan a ƙafata yake, Abba. Abin da ya canja kuma kullum ana gaya mini." Ya yi murmushin da ba daɗi a cikinsa. "Saura kaɗan in iso."

Carbin da ke hannun Abba ya daina motsi.

Auta ta zube a kan gwiwoyinta cikin ƙasar.

"Abba, ni ce. Wallahi ni ce. Bai yi kuskure ko na taku ɗaya ba. Kullum sai ya tambaye ni ko rumfunan suna nan, kullum sai in ce suna nan, in ce barandar fes take. Ni na jefa shi." Ta juya wajen Jagora. "Ban san za ka fito ba. Na rantse ban sani ba. Na ga an ƙwace maka komai, na ce bari in bar maka wannan ɗaya. Tausayinka na ji."

"Tausayi," ya maimaita.

"Ka yafe mini."

"Motar nan tun ranar farko nake jin ta a bayanki. Kika ce titi ne, na yi shiru, don na san ba ke kika kira ta ba, kuma na san kunya ce ta hana ki faɗa. Wannan ban riƙe ki da shi ba." Ya share jinin da ya gangaro masa kan gira. "Amma hanya, Gaggawa? Har tsoho kika ƙirƙiro mini yana kaɗe ƙura. Ina zaune a ɗaki ina murna, ina gaishe shi a zuciyata."

"Don ina son ka ne!"

"Na sani. Shi ne abin da ya fi ba ni tsoro. Maƙiyi in ya ce mini ba rami, zan sa sanda in duba. Ke in kin faɗa, rufe ido zan yi in taka." Ya ɗan yi dariya mai ciwo. "Ko da yake rufe idon ma an hutar da ni."

Ba wanda ya yi dariya. Mai shara ta ɗauki tsintsiyarta ta matsa gefe tana sharar hawaye. Injiniya ya ciro hankici ya miƙa, ya tuna ba za a gani ba, ya kama hannun Jagora ya sa masa a ciki.

Abba ya tako har gabansa. Ya sunkuya ya kaɗe masa ƙasar da ke kafaɗar riga, abin da Auta ba ta taɓa ganin ya yi wa wani ba sai Yaya.

"Na yi maka hukunci ban gwada ka ba," ya ce. "Ni mai ido biyu ban taɓa tako wannan tafiyar a ƙafa ba. Ramin nan ba naka ba ne, na gidana ne."

Injiniya ya sunkuyar da kai. Ya gane inda maganar ta dosa, amma bai saki kafaɗar Jagora ba.

"A kai ka asibiti a duba ƙafar," Abba ya ci gaba. "In ka warke ka turo manyanka. Na janye maganata."

Auta ta dafe ƙirji. Wata da watanni tana roƙon Allah ta ji wannan kalmar daga bakin Abba. Ta kai goshinta ƙasa, ta ɗago, ta dubi Jagora tana dariya tana kuka, tana jiran ta ga fuskarsa ta washe.

Fuskar ba ta washe ba.

"Ka ji, Jagora? Ka ji abin da Abba ya ce?"

"Na ji." Ya miƙa hannu cikin iska. "Ba ni sandata."

Ta sa masa a hannu. Ya dogara da ita ya miƙe a kan ƙafa ɗaya. Ta matso za ta gaya masa inda zai taka, ya juyar da kai wajen Injiniya.

"Ɗan'uwa, kai ka faɗa mini. Me ke gabana?"

Injiniya ya dubi Auta, ya dubi ƙasa. "Tarin duwatsu ne a hagunka. Ka bi dama, akwai ƙarfe a kwance, sai ka ɗaga ƙafa."

"Madalla."

Suka tafi a hankali har bakin mota. Auta na biye da su, hannayenta a sake, ba ta da abin yi da su. Da aka buɗe masa ƙofa Abba ya sake magana.

"Ban ji amsarka ba, ɗana. Za ka turo?"

Jagora ya tsaya, hannunsa a kan murfin motar.

"Abba, na gode. Allah ya ƙara girma. Da asubar nan na fito ba abin da nake so a duniya kamar in ji ka faɗi haka." Ya gyara riƙon sandarsa. "Amma ni duk rayuwar da ta rage mini, da bakin matata zan riƙa ganin duniya. In ta ce yaronmu lafiya yake, dole in yarda. In ta ce ita ma lafiya take, dole in yarda. Yau ban san yadda zan yi in yarda ba."

"Jagora, don Allah..." in ji Auta.

Bai juyo ba.

"Ka yi mini afuwa, Abba. Ba zan iya cewa zan turo ba."